Wurin da Ka Cire Muryata

Zuwa ga ƙanena Habila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sanyin Kanada. Mu ma nan unguwarmu ta Plumstead sai godiya. Da ma a waya ya kamata in faɗa maka wannan magana, amma tunda a gaban mutane na ɓata maka suna, gara in gyara a gaban mutane, shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a fili inda kowa zai karanta.

Ka tuna ranar da ka zo gidana da gita a baya, ka ce wata ƙungiyar 'yan rawa ta ba ka aikin tsara kiɗan wasansu gaba ɗaya, kuma za a fitar da shi albam? Ka yi mini bayani cewa rawar ta masu takalmi mai ƙarfe a ƙasa ce, suna buga daɓen katako da ƙafa, kai kuma za ka ɗora musu kiɗan rok, gita mai lantarki da ganguna. Na yi dariya, na ce wato hayaniya a kan hayaniya. Ba ka ji haushi ba. Ka ce abu ɗaya kake nema a wurina: a tsakiyar wasan, in kiɗa ya lafa, in rera waƙar nan da marigayiya Mama takan yi in tana tankaɗe. Ka ce ni kaɗai na rage mai irin muryarta.

Na je. Ran Asabar da rana ne, daga gidan kula da tsofaffi inda nake aiki na wuce kai tsaye unguwar Deptford, ko kayan aiki ban cire ba. Situdiyon yana saman wani shago da ake sayar da busasshen kifi, warinsa har sama. Sau uku na rera. A na ukun ka juya mini baya kana share ido. Wata doguwar 'yar rawa ta ajiye ɗan katako a gefe tana gwada bin muryata da ƙafa. Habila, na ji daɗin ranar nan. Ba wanda ya tilasta ni.

Sai aka saki guntun wasan a intanet don talla. Bayan an tashi daga sujada, Mama Tabita, shugabar zumuntar matan cocinmu, ta miƙo mini wayarta a gaban mata. 'Yan rawa da gajerun kaya, gita tana kururuwa, ga muryata a kai. Ta ce, "Rifkatu, wannan ba muryarki ba ce?"

Na dubi fuskokinsu, tsoro ya kama ni. Na ce ai a kicin ka ɗauke ni ina waƙa ban sani ba. Har yau ina mamakin yadda ƙaryar ta fito mini da sauƙi.

Kafin mako ya zagayo magana ta kai gida. Baba Ƙarami ya kira ka daga Kafanchan, ya ce ka yaudari yayarka, ka kai waƙar uwarka gidan rawa. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa ba ka kare kanka ba ko da kalma ɗaya, haƙuri kawai ka yi ta ba shi. Ni kuma, maimakon in ji kunya, sai na kira ka na ce ka cire muryata, alhali saura 'yan kwanaki albam ya fita. Sai ka ce, "To, Yaya. An gama."

Ka ajiye mini tikiti ranar buɗe wasan, ban zo ba. Ranar da za ka tashi zuwa Kanada na ce ina da aiki, alhali ni na roƙa a ba ni aikin ranar. Duk Kirsimeti kana turo gaisuwa, ina mayar maka da layi ɗaya, don ba na iya haɗa ido ko da hotonka.

Watan jiya aka dawo da wasan a wani ƙaramin gidan wasa kusa da kogi. Na sayi tikitin kujerar can baya, na tafi ni kaɗai. Kiɗanka ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba, har a ƙirjina nake jin gangunan. Da aka zo wurin da ka cire muryata, gita ta yi shiru, ganguna suka tsaya. Na ɗauka za ka sa wata ta rera. Ba ka sa kowa ba. Doguwar 'yar rawar nan ce ta fito ita kaɗai, ta buga waƙar Mama da ƙafafunta, baiti bayan baiti, har da wurin da Mama takan tsaya ta ja numfashi. Wani dattijon Bature kusa da ni ya raɗa mini cewa don wannan wurin ya sake dawowa. A duk ɗakin ni kaɗai na san kalmomin, na rufe fuska da gyale na yi kuka.

Ran Lahadi na tashi a gaban zumunta na faɗi gaskiya, cewa da ƙafata na je, da son raina na rera, kuma na yi maka ƙarya. Mama Tabita ta ce ba su ne ya kamata in ba haƙuri ba. Na kira Baba Ƙarami ma. Ya ce zai neme ka da kansa.

Ba na roƙonka ka mayar da muryata, ban cancanta ba, kuma abin da ka yi ya fi kyau. Gafara nake nema, ɗan'uwana. Zan kira ka ran Lahadi in na dawo daga coci. In ba ka shirya ɗauka ba, zan gane, zan kuma sake kira wata Lahadin.

Ubangiji ya sa albarka a hannuwanka, ya saka maka da alheri kan haƙurin da ka yi da ni, ya kiyaye gidanka. Ya ba ni ranar da zan zauna a kujerar gaba, a wasanka. Amin.

Yayarka mai neman afuwa,
Rifkatu