'Yata Ta Daina Cin Abinci, Likita

Zuwa ga Babbar Likita,
Shugabar asibitin mata da yara da muke zuwa a nan Agege, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki, ina neman afuwa da na fito da wannan magana fili. Na yi ta zarya ofishinki, kullum a ce kina taro ko kin fita, shi ya sa na rubuta a inda za ki gani, sauran iyaye ma su gani. Ban ambaci sunan asibitin ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Sunan yarinyar ma na sakaya saboda rufin asirinta, kuma dama 'yar fari ce, bakina bai saba da sunan ba.

Ni tela ce, ina ɗinkin mata a wani ɗan shago kusa da layin dogo. Maigidana mahauci ne a kwata. 'Yarmu ta fara al'ada tana shekara goma sha ɗaya, kuma tun farko abin ya zo mata da ƙarfi. Jini ya wuce mako bai tsaya ba, audugar mata ba ta riƙe shi, idonta ya yi fari fat, in ta miƙe sai ta dafa bango. Bayan ƙaramar Sallah ta bara na kawo ta asibitinki. Wani matashin likita ya sa aka gwada jininta, ya ce ya yi ƙasa, ya rubuta magani iri biyu. Gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi aiki: jinin ya daidaita, ta koma makaranta. Wannan na gode, Allah ya saka. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko. Babu wanda ya gaya mini mene ne magani na biyun. A tagar karɓar magani na ji, lokacin da mai bayarwa ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce wa abokiyar aikinta da Yarbanci ai wannan ƙwayar tsarin iyali ce. Ta ɗauka ba na ji, alhali a Agege aka yanke mini cibiya. Na koma wurin likitan na tambaye shi, ya ce, "Madam, ba wahala, muna ba yara saboda jini," ya kira na gaba. Daga baya na gane da gaske ana bayarwa saboda hakan. Amma uwar da za ta koma gidan haya mai famfo ɗaya da bakuna da yawa, da irin wannan ƙwaya a jakar 'yar firamare, ta cancanci bayanin da ya fi wannan. A cikin danfo, motar hayar da ta kai mu gida, na yaga kwalin na jefar, na riƙe ƙwayar. Na ce wa yarinyar duka biyun na ƙarin jini ne. Wannan ƙarya tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Na biyu. Babu wanda ya ce mana jikinta zai iya canzawa, ko cinta ya buɗe. Duk lokacin da maganin ya ƙare, ni kaɗai nake zuwa da kati, a sabunta a miƙo mini. Ba a taɓa cewa ina yarinyar ba, balle a ɗora ta a ma'auni ko a tambaye ta yadda take ji. Buhun shinkafa ma in za a saya ana ɗaga shi a ji nauyinsa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni, don nan hannuna ne dumu-dumu. Yarinya ta fara ƙiba. Ni na fara gani, tunda awo sana'ata ce. Na buɗe mata kayan makaranta, ba a jima ba na sake buɗewa, har yadin da na bari a ciki ya ƙare. Ranar da nake gwada ta a shago, mata cike suna jiran ɗinkin biki, sai na ɗaga tef ɗin awo na ce, "Ke dai ubanki mahauci ne, amma ba a ce ki cinye kwatar ba." Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, shi ya sa na ɗauka ba komai. Goggonta, ƙanwar maigidana, ta laƙaba mata Hajiya Babba. A makaranta yara suna kiran ta orobo, wato ƙatuwa. Ni da ya kamata in tare mata, ni na buɗe ƙofar.

Sai ta fara azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ta ce tana ramuwar na watan Ramadan, ramuwar da ba ta ƙarewa. Likita, in gaya miki abin kunya, daɗi na ji. Na riƙa cewa maƙwabta yarinyar nan ta fi mu tsoron Allah. Ban lura ba ta tashi sahur ba, ban lura tuwon buɗa-bakinta a kwanon ƙannenta yake ƙarewa ba.

Za ki ce ina nake da ban zauna da ita ba. Mu a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. A can gida wannan ba ya cutar da yaro, don akwai kaka a tsakar gida, ita ke ja, ita ke tambaya, ita ake gaya wa abin da ba a gaya wa uwa. Haka aka yi mini, haka na tashi na yi. Sai dai kakarta ta koma Katsina tun rasuwar mahaifina, sai gaisuwa a waya. Na riƙe kunyar, na manta babu kakar. Likitanku ya ɗauka zan yi wa yarinya bayani a gida, ni kuma na ɗauka abin da ya shafi jiki aikin asibiti ne. Tsakanina da shi aka bar yarinya tana lissafin cewa haɗamarta ce ta jawo.

Watan da ya wuce ta faɗi a layin taron safe a makaranta. Malamarsu ta kira ni, na bar keken ɗinki na hau okada ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Asibitinki muka sake zuwa, aka sa mata ruwa. Da ta farfaɗo na tambaye ta, karo na farko a rayuwata da na zauna a bakin gadonta na riƙe hannunta. Ta ce, "Umma, na ga ko na rage ci ba na ramewa, shi ne na ce bari in daina gaba ɗaya, ki huta da buɗe kaya."

A nan na gaya mata gaskiyar ƙwayar. Likitan da ke aiki ranar ya ce mai yiwuwa maganin ne ya ƙara mata ci ko ya tara mata ruwa a jiki, mai yiwuwa girma ne ya zo, mai yiwuwa duka biyun, ba zai iya rantsewa ba. Na yarda da shi, ban zo in koya wa likita aikinsa ba. Amma wannan maganar da an yi ta tun ranar farko, a gabanta, da ba mu zo nan ba. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Dama kin sani kike mini dariya?" Ban san zancen ƙibar ba, Allah shaida. Amma na san abin da na ɓoye.

Ga inda muke yau. Ta ƙi shan ƙwayar, ta ƙi na ƙarin jinin ma, ta ce ba ta san wanne ne wanne ba. Abinci sai an yi da gaske take cin loma kaɗan. Jinin kuma ya dawo da ƙarfinsa na da, wannan makon ba ta je makaranta ba. Mahaifinta, da sai a asibiti ya ji komai, ya kawo hanta daga kwata ya gasa da hannunsa, ta ce ta ƙoshi. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Duk abin da na miƙa mata yanzu, ko Panadol ne, sai ta juya shi tana karanta bayansa.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ina roƙon abubuwa kaɗan. A daina sabunta wa yara irin wannan magani ba tare da an ga yaron ba. In za a rubuta shi, a faɗi sunansa da dalilinsa da abin da zai iya biyo baya, a faɗa wa uwa da 'ya tare, da harshen da suke ji. Hausawa ba kaɗan ba ne a layin katinku, kuma kuna da ma'aikata 'yan Arewa da za su iya wannan. A ja wa masu tagar magani kunne, su san akwai kunnuwa a bayan gilashin. Kuma kada likita ya ɗauka duk uwar da ta gyaɗa kai za ta je gida ta yi bayani, wata kunya ce ta sa ta gyaɗa.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Ki ba mu lokaci ki ga yarinyar nan da kanki, ki duba ko akwai wani magani ko wata hanya, kafin jinin ya sake kayar da ita. In mun zo, da ita za ki yi magana, ni zan tsaya a waje in ta fi son haka. Ki gaya mata jikinta bai yi laifi ba, cinta ma bai yi laifi ba. Na faɗa mata har na gaji, ba ta yarda ba, kuma tana da hujja.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa albarka a hannunki da na ma'aikatanki, ya tsare ki daga kuskuren da ba ya gyaruwa. Ni kuma ki sa ni a addu'a, Allah ya nuna mini ranar da 'yata za ta karɓi abu daga hannuna ta kai baki ba tare da ta duba ba.

Wassalam.

Taki,
Wata uwa, tela a Agege.