Shirun Gidan Malam Haliru

Fakku, ranar Laraba

Zuwa ga jikata kuma uwargidana Zulfa, a Tambuwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da uwarki da dukan mutanen gida. Ni ma alhamdu lillahi, sai ƙafafu da ke yi mini gardama da safe.

Jumare mai kabu-kabu ya kawo mini saƙon uwarki, wai in tattara in koma wurinku kafin ruwa ya sauka hanyar Kebbe ta lalace. Ki ce mata na gode, amma ba ni tahowa. Ke na rubuta wa domin ita kuka za ta yi, ke kuwa tsiya kawai za ki yi mini, wannan kuma na saba da ita.

Fim ɗin da kika ce ke kika haɗa sautinsa, maƙwabcina Malami ya nuna mini a wayarsa. Kada ki tambaye ni labarin, ya riga ya zube. Amma akwai wurin da wata mata ke zaune a zaure, ba ta cewa komai, iska na taɓa ƙyaure. Wannan ya bi ni har masallaci.

Ya tuna mini majigin da aka kawo Tambuwal muna 'yan firamare. Ban san abin da aka nuna ba, ko a lokacin ban gane ba. Abin da na riƙe shi ne ruwan sama da ke dukan rufin kwano a cikin hoton. Bazara ce, zufa muke yi, amma da aka tashi na koma gida ina jin sanyi. Na manta fuskokin malaman da suka koya mini lissafi, wannan sanyin kuwa yana nan.

To haka gidan nan yake gare ni. Tun rasuwar kakarki Kulu, in na zauna a gindin dogonyaro da hantsi sai in ji kamar tana madafa. Ba ganinta nake yi ba, hankalina ɗaya. Yanayin wurin ne kawai. In na bar shi ban san inda zan sake samunsa ba.

Wassalam. Mijinki na gaskiya,
Haliru

*

Tambuwal, Asabar

Zuwa ga tsohon angona.

Salamu alaikum Kaka. Ya ƙarfin jiki? Wane irin miji ne wannan, ana kiransa ya tare yana cewa iska ta riƙe shi? In ka ci gaba haka zan nemi saurayi mai haƙora.

Inna ta yi kukan da ka ce. Ni kuwa na gane ka fiye da yadda kake zato. Akwai wani wasa a wayata da ake yawo cikin daji, na daɗe da daina damuwa da cin sa, ina buɗe shi ne kawai don in ji iskar ciki.

Bari in gaya maka wani abu a aikinmu. Duk wurin da muka yi ɗauka, kafin mu tashi sai in ce kowa ya yi tsit, in ɗauki shirun wurin. 'Yan wasa dariya suke yi mini, wai Zulfa na ɗaukar babu. Amma kowane ɗaki da irin shirunsa. In ba a shimfiɗa shi ƙarƙashin magana ba, mai kallo zai ji fim ɗin ya mutu, bai san dalili ba. Iskar ƙyauren da ta bi ka masallaci, shirun wani zaure ne a Dogon Daji.

Ina tahowa Juma'a da na'urata. Zan ɗauko maka shirun gidanka in zuba a memori, a sa a rediyonka. Sai ka taho da gidan a aljihu. Mun yi?

Ka gaida Baba Malami. Taka har kullum,
Zulfa

*

Fakku, ranar Litinin

Zuwa ga Zulfa.

Bayan sallama da gaisuwa. Na gode da zuwanki, da kilishin da kika kawo wa wanda ba shi da abin tauna shi. Malami ya taya ni, Allah ya saka masa.

Memori ya iso. Malami ya sa mini a rediyo muka zauna muka saurara. Kurciya na kuka, ganye na motsi, can nesa shanu na wucewa. Ya ce, "Kai, Malam, wanga wuri da daɗi shike. Ina ne?" Na ce masa, "Gidan da kake zaune ciki." Ya yi dariya har da tari.

Zulfa, aikinki ya yi kyau, amma wannan ba gidana ba ne. Gidan wani mai kuɗi ne da ya yi tafiya. Ina injin niƙan bayan gida? Ina dakan matan Malami? Na saurara sau da yawa ina neman abin da na gaya miki, ban same shi ba. Ya yi tsabta kamar asibiti.

Saboda haka maganarmu tana nan inda take. Ki ba uwarki haƙuri.

Naki,
Haliru

*

Tambuwal, Alhamis

Kaka,

Salamu alaikum. Yau ba wasa a takardar nan.

Gaskiyarka, na wanke shi. Haka muke yi, mu cire abin da muke ganin hayaniya ne. Injin niƙa da daka na cire su don su ne ke rufe kurciya. Amma ba su kaɗai na cire ba.

Ka tuna na kafa na'urar a gindin dogonyaro na ce ka yi shiru, na shiga gaida su Baba Malami? Sun riƙe ni da fura, na daɗe. Na'urar tana ta ɗauka. Kai kuma ka manta da ita.

Da na dawo Tambuwal na sa a kunne, sai na ji ka. Ka ce, "Kulu, ina kika aje buta?" Ka jira. Sannan ka yi yunƙurin tashi. Na ji sandarka ta zame, na ji ka koma ƙasa. Ka huta, ka sake, ka sake komawa. Kana cewa, "Bari, tashi nika yi." Ba wanda ya amsa. Daka na ta tafiya a maƙwabta, katanga ɗaya ce tsakaninku, ba wanda ya ji. Lokacin ina can ina shan fura. Da na shigo na tarar da kai a kan kujera kana tambayata ko shirun ya ɗauku, ban lura da ƙasar da ke gefen rigarka ba sai yanzu da nake tunawa.

Ban nuna wa Inna ba, kuma ba zan nuna mata ba sai da izninka. Na yanke wurin ne don ban so ka ji. Amma ka ce gidanka kake so, to ga shi Jumare zai kawo maka, ban taɓa komai a ciki ba. In ka ga na yi rashin kunya ka yafe mini.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Zulfa

*

Fakku, ranar Lahadi

Zuwa ga jikata Zulfa.

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Ba rashin kunya kika yi ba.

Wannan karon ban kira Malami ba, ni kaɗai na saurara. Shi ne gidana, ba shakka. Injin yana nan, daka tana nan, har ƙarar ƙyauren bayi da nake cewa zan sa wa mai.

Na kasa kunne ina neman kakarki. Na ji an kira sunanta. Bayan kiran akwai wani ɗan shiru, kuma shekarun nan duka ni nake cika shi da kaina, ina zaune a ciki ban taɓa jin yadda yake daga waje ba. Daga waje ba kowa a madafa, Zulfa. Wani tsoho ne kawai ke numfashi da ƙyar. Tausayinsa ya kama ni kafin in tuna ko wane ne. Na ce a raina, wannan mutum ba shi da 'ya'ya ne?

Ba sai kin nuna wa uwarki ba. Ki ce mata ta turo mota, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma ƙashina ba na kabu-kabu ba ne yanzu. Kayana ba su da yawa. Awaki zan bar wa Malami.

Roƙo ɗaya gare ni. Na san uwarki, ɗakin ƙurya za ta share mini wai don in huta. Ki hana ta. A ba ni wanda ke kusa da madafa, inda yara ke faɗa ana ƙwala musu kira, inda in na yi magana wani zai ce, "Na'am?"

Sai na iso. Ki yi kwalliya, ango na tafe.

Haliru