Gyaɗar Gayyar Bana

Ikko, 1953

Zuwa ga Yaya Sammani, Sarkin Samarin Tsanyawa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina?

Ni lafiya lau, sai dai ido. Tun bazara ba na ganin kafar allura, har mai koya mini ɗinki ya ɗora wani a kan keken. Likita Bature ya duba, kai kawai ya girgiza.

Na ji ƙungiyar samari za ta sake noma gyaɗar gayya ta saya mini keken ɗinki. Ku noma, amma ku tura ƙanenmu Ɗanladi koyon sana'a da kuɗinta. Guminku ya kawo ni nan, Allah ya saka.

Ka ce wa Inna ina nan ina ɗinki. Kada ta ji cewa wani ne ya rubuta mini wannan.

Ƙanenka,
Mani