Rumbun Baba a Bakin Teku

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Jidda, ya aiki, ya Yaya Rabi da yara? Mu nan lafiya ƙalau, ana ta girbin gero, Inna ma jiki da sauƙi.

'Yarka Amina ta iso, ta kuma bar mu baki buɗe. Ranar Juma'a ta jingina wani zane da ta yi a zaure. Yaya, rumbun Baba ne, wanda ya rushe tun ba a haife ta ba! Har tsagar gindin nan da muke ɓoye gyaɗa ta fito. Sai dai a bayansa, maimakon gonar dawa, teku ne malale.

Maƙwabcinmu Malam Audu ya ce, "Yarinya, yaushe Ɗambatta ta yi teku?"

Da Hausarta mai gargada ta ce, "A bakin teku Abba yake ba ni labarinsa. Ni can na san shi."

Inna ta daɗe tana shafa zanen, sannan ta ce, "Ashe Sani bai bar gida ba, ɗaukarsa ya yi ya tafi da shi."

Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami, ka gaida mutanen gida. Inna ta ce rumbu ya dawo, saura kai.

Ƙanwarka,
Hajara