Yadda Suka Kashe Nasiru

Yaya Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Anti Hauwa da yara, ya zaman Legas? Mu nan Rikoto sai haƙuri.

Ka ji rasuwar ƙanenmu Nasiru a waya, amma na kasa faɗa maka yadda aka yi. Ka san shi, kullum bayan sallar asuba sai ya yi gudunsa har Dabai, da hantsi yana wurin injin casarsa. Ranar ya tafi ƙauye sayo shinkafa, 'yan ta'adda suka tare motarsu. Direban ya tsira, shi ya ba mu labari. Ɗaya daga cikin 'yan ta'addan ya gane Nasiru, ya ce, "Ba kai ne mai cin tsere ba? Ruga mu gani." Ya ƙi. Suka yi ta dukansa da gindin bindiga har ya tashi da gudu. Suka bari ya yi nisa, suna dariya, sannan suka harbe shi a baya.

Mun ce wa Inna cikin mota harsashi ya same shi, bai wahala ba. Don Allah kada ka faɗa mata.

Ka sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya isar mana. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi