Waken da Na Zuba Cikin Taya

Salamu alaikum mai shafi, da ku masu karantawa. Ban yi boko ba, da baki na aiko maganar nan ta waya, mai shafi ya ce zai rubuta ta yadda na faɗa, ya cire sunana. Sunayen da za ku ji ma ba na gaskiya ba ne. Wanda zai zage ni ya bari sai ya kai ƙarshe. Ba tausayi nake nema ba, an tausaya mini har ya ishe ni. Shawara nake so, kuma kafin ranar Alhamis.

Ni mace ce. Daga wani ƙauye a bayan Dandume muka taso, shekarar da 'yan bindiga suka kashe mijina a gona. Na shigo Funtuwa da 'ya'ya mata uku. Na samu ɗaki a bakin gari, bayan wata sabuwar unguwa ta masu hali, wadda aka shimfiɗa wa kwalta mai kyau ta zagaye ta kamar zobe, gidajen kuwa rabi ba a gama ba. Ina noma 'yar gonar aro, waken suya nake sa mata, da shi nake yin awara in sayar. Abin da muke ci ke nan.

Duk kaka, mu matan bayan unguwar a kan kwaltar nan muke shanya. Masara, barkono, wake, kowace da gefenta. Kwalta ta fi tabarma, ta fi leda. Zafi daga sama, zafi daga ƙasa, abin da zai kwana uku a tsakar gida wuni ɗaya ya ishe shi. Gefena wata kwana ce mai lanƙwasa sosai, kusa da kwatar da ke bin jikin katangar unguwar. Maigadin unguwar shi ne Malam Sule, dattijo, shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacinmu. Bai taɓa hana mu ba. Har kaji yake kore mana.

Bana ruwan ƙarshe ya yi mana bazata. Na buge wake na sheƙe, ruwa ya sauko ranar Laraba ya same shi a waje. Alhamis hadari ya wuni, babu rana. Ranar Juma'a na cusa hannu cikin buhu na ji ɗumi. Duk wadda ta san wake ta san ma'anar wannan ɗumin. Kwana biyu ko uku zai yi baƙi, awararsa ko akuya ba za ta ci ba. Na ɗora buhu a baro na nufi kwalta, sai na tarar an ɗaure hanya da igiya, ana sauke motoci daga tirela. Motoci ne irin na shiga, amma an cire kujerun baya, an gitta ƙarafa a ciki, an rubuta manyan lambobi a ƙofa. A kowace kwana an jera tsofaffin tayoyi, huɗu-huɗu bisa juna. Malam Sule yana tsaye, an sa masa riga mai ruwan ɗorawa, tuta a hannu ɗaya, tsintsiya a ɗaya.

Na ce, "Malam, yau kuma aikin 'yan sanda aka ba ka?"

Ya ce, "Tseren motoci za a yi, Uwar Hadiza. Gobe gwaji, jibi Lahadi tsere. Kwanar nan ni aka ba ta. In share ta, in ɗaga tuta idan na ga matsala. Ba shanya sai Litinin."

Na ce, "Wa ya faɗa mana?"

Ya nuna mini wata takarda a jikin katanga. Ya ce mako biyu ke nan da liƙa ta, da Turanci. Na ce, "To ni aka rubuta wa ko katangar?" Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ranar Asabar mutane suka cika, daga Kaduna, daga Zariya, daga Malumfashi, har a kan katanga. Ba zan ɓoye ba, na soya awara da ɗan busasshen waken da ya rage mini na fita, kuma na yi ciniki. Na ga gwajin da idona. Ɗaya bayan ɗaya suke zagayawa, ana duba wanda ya fi sauri don a san wa zai tsaya gaba ranar Lahadi. Na ga yadda suke shan kwanata, suna matsewa har gefen mota yana gogar tayoyin. Na gani. Ku riƙe wannan, don kada in zo daga baya in ce ban sani ba. Da aka huta, direban mota mai lamba bakwai ya zo wurina da hular kwano a hannu, saurayi ne, sai gumi yake yi. Ya ci guda biyu ya ce, "Hajiya, yajin nan naki ya fi injina zafi." Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce, ko Zariya ban wuce ba." Ya ce, "To idan na ci gobe ni zan kai ki, a motar nan." Na ce, "A motar da babu kujera? Ka kai kakarka." Ya tafi yana dariya.

Lahadi gari ya waye tangaran, rana irin wadda na kwana huɗu ina roƙo. Wake kuwa ya fara wari. An ce sai bayan azahar za a fara tsere, jama'a duk suna can babbar ƙofa suna kallon motoci. Na bi ta ɓarakar katanga da baro, na samu Malam Sule ya gama shara.

Na ce, "Malam, sa hannunka a buhun nan."

Ya sa. Ya ji ɗumin, shi ma manomi ne kafin ciwon ƙafa ya hana shi. Ya ce, "Amana aka ba ni." Na ce, "Ni ma amana aka bar mini, guda uku, kuma suna ci." Ya duba hanya, ya duba rana. Ya ce, "Kafin in kira azahar ki kwashe. Ƙwaya ɗaya kada ta rage."

Na baza shi a kan kwalta tsirara. Ina juyawa da ƙafa, ina jin yana bushewa. Rana ba ta kai tsaka ba sai muka ji lasifika, injuna suka tashi gaba ɗaya. Malam Sule ya taho yana ɗingishi da gudu. Wai babban baƙo ya iso da wuri, zai koma da wuri, an jawo tseren gaba. Mu aka tambaya? Ko shi mai tuta sai a lokacin ya ji. Muka hau kwasa, shi da tsintsiya, ni da kwarya. Buhun ya cika, ba lokacin girgiza shi ya zauna, na tura baro ta ɓaraka na dawo. Saura tari ɗaya da ya tattara a gefe, kamar cikin daro, babu buhun da zan zuba.

Ya ce, "Tura shi kwata."

Na ce, "Abinci ne, Malam."

Ya ce, "Na sani. Ki tura shi, ba lokaci."

Aka busa masa usur, ya ruga wurin tsayuwarsa, can gaban kwana, ya ba ni baya. Na duba kwatar, baƙin ruwa ne kwance a ciki. Ni da na taɓa tsintar ƙwayar dawa ɗaya-ɗaya a cikin tokar rumbunmu da aka ƙona, ni zan share abinci cikin kwata? A gidanmu ko tuwo ya faɗi ƙasa ɗauka ake yi. Na ga tayoyin nan huɗu bisa juna, tsakiyarsu rami kamar ɗan rumbu. Na kwashe waken da kwarya na zuba a ciki, na ce idan an tashi in dawo in ɗauki abina. Na share wurin tas. Ban gaya masa ba.

Na koma na ɗauko farantin awarata na tsaya bayan igiya kamar kowa. Aka saki motocin gaba ɗaya. Ƙasa har rawa take yi. Sun zagaya sau nawa, ban ƙirga ba. Sai wata jar mota da ke can baya ta matse kwanar ta bugi tayoyin, jerin ya karkace, na ƙasa ya ɗaga. Na ga waken ya gangaro ya bazu a kan kwalta. Ba wanda ya lura, idon kowa yana kan motoci. Malam Sule yana kallon inda za su ɓullo.

Ga inda kunyar take, kuma ba zan yi mata kwalliya ba. Kafin na gaba su zagayo akwai lokaci. Ba shi da yawa, amma ya isa in kutsa ƙarƙashin igiya in ce masa ya ɗaga tuta. Na ajiye faranti har na ɗaga ƙafa. Sai zuciyata ta ce, idan kika faɗa, za a ce yaya aka yi kika sani? Na tsaya. Na ce wataƙila su wuce lafiya, ai ɗan kaɗan ne. Waken suya busasshe a kan kwalta, ko mutum ya taka sai ya zame. Na san haka tun ina yarinya.

Mai lamba bakwai ne a gaba. Motar ba ta sha kwanar ba, ta tafi a karkace ta daki katanga. Sai a lokacin tuta ta tashi. Da aka zaro shi yana da rai, cinya ta karye, ƙugu ya goce. Yana wani asibiti a Zariya. An ce zai taka, amma tsere sai dai ya kalla.

Masu shirya tseren suka duƙa a kwanar suka tsinci wake. Suka juya kan Malam Sule. Wa ya yi shanya a nan? Ya ce, "Ni aka ba kwanar, ku tsaya a kaina." Sun tambaye shi ta kowace hanya, amsar ke nan. Aka dakatar da shi daga gadi. Kafin kwana biyu magana ta zagaye gari, wai wani direba ne ya saye shi ya watsa wake don a kayar da na gaba. Mutumin da ya tsufa yana tashe mu sallar asuba. Yanzu wani ne ke kiran salla, an ce Malam ya huta tukuna sai ƙura ta lafa. Uban yaron da ya karye, wani Alhaji daga Kaduna, ya ce ranar Alhamis za a zauna a ƙofar mai unguwa. In Malam bai faɗi wanda ya kawo waken ba, zai miƙa shi ga 'yan sanda a kan da gangan ya yi.

Na je na same shi a zaure. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce, "Ki yafe mini, Uwar Hadiza, na jawo miki tashin hankali. Idona ne ya tsufa. Na ɗauka na share tas, ashe na bar saura." Na ce, "Malam," sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ke kin yi naki, kin tura sauran cikin kwata. Ki yi shiru, kina da marayu. Ni me ya rage mini?" Har yau yana zaton tsintsiyarsa ce ta gaza. Na tashi na fito da maganata a ciki.

Yanzu ku ji ni da kyau. Masu tsere ban yi musu laifin da zan durƙusa musu ba. Sun zo lokacin kaka sun rufe wurin shanyarmu da takardar da ba mu iya karantawa. Da sun aiko mai shela ya zagaya bayan unguwa, da sun tambayi mace ɗaya me ake yi a kan kwaltar nan a wannan wata, da sun ji. Su suka sauya lokaci don baƙonsu. Wanda ya shiga mota ya ce zai yi gudun da ya fi na kowa a tsakanin katanga biyu, ya san abin da ya saya. Shanyar da na yi, in aka mayar da ni ranar, zan sake yi. Wakena ya tsira, shi muke ci. Wanda bai taɓa jin ɗumi a buhunsa na ƙarshe ba kada ya yi mini wa'azi. Amma yaron ya ci awarata ya yi mini wasa, kuma na tsaya da ƙafata a sama ina kallonsa yana tahowa. Wannan ba takardar Turanci ta sa ni ba.

Jiya matar Malam, Yaya Talatu, ta shigo ina tace wake. Ita ce ta ba ni tabarma ranar da na sauka a garin nan. Ta zauna ta ce, "Allah ya tona asirin matar da ta yi shanyar nan ta bar mini tsoho da abin kunya." Na ce amin. Me zan ce? Ta ce, "Ke ce kika fi kowa sanin halinsa a matan nan. Na kai sunanki wurin mai unguwa, ki zo ki shaide shi ranar Alhamis." Na ce to.

Idan na faɗi gaskiya, Alhaji ba zai tsaya a kan tsoho ba, ni zai ɗauka, kuma ba ni da kowa a Funtuwa da zai riƙe mini 'ya'ya ko na mako ɗaya. Faɗar ma ba za ta wanke Malam duka ba, za a ce shi ya bar ni na shiga. Amma za a san ba sayensa aka yi ba, shi kuma zai san ya share kwanarsa tas. Idan na yi shiru kamar yadda ya ce, zan tsaya gaban jama'a in yabe shi, a tafi da shi ina kallo.

Kada wani ya ce mini in yi addu'a kawai, ina yi. Ranar Alhamis mai unguwa zai dube ni, ga Malam a zaune, ga Yaya Talatu a gefena, ya ce, "Uwar Hadiza, me kika sani?" Ku da kuke nesa, kuka ji duka, ku gaya mini. Me zan yi?