Jini Domin Malam Arzika

Illela, Rajab, 1963

Zuwa ga ƙanena Lukmanu, ma'aikacin ɗakin awon jini a asibitin Sakkwato.

Bayan sallama, ina gajiya? Mu nan ba lafiya. Maigidana ya rame ya ƙare, Lukmanu. Zawon jinin da ya taso mai tun damina bai tsaya ba. Sabara, bagaruwa, rubutu, har ƙwayoyin atuni da anka sawo daga Kwanni, duk ya sha a banza. Yanzu ga sabuwa, ƙafar hagu ta kumbura suntum. Wansa Halliru ya ce mataccen jini ne, za shi kira Yari wanzami ya murza wurin ya kafa ƙaho.

Ni abin ya ɗaure mani kai. Mutumin da jini ke tsiyaye ma ta ƙasa, wane jini ya rage mai da za shi daskare a ƙafa? Tsoro nake ji. Kai da anka kai boko, mi amfaninka? Ka ba direban da ya kawo maka takardar ga amsa, ban son nawar nan taka.

Yayarka, Safiyyatu

*

Sakkwato

Yaya, gaisuwa da ladabi. Allah ya ba Malam Arzika lafiya.

Don girman Allah kada a taɓa ƙafar nan. Na karanta wa likita takardarki. Yana zaton ba atuni ba ne, gyambon babban hanji ne. Ya ce a cikin jini akwai dakarun da Allah ya sa su kashe cuta, to wani sa'in sai su ruɗe su far wa hanjin mai su. Rikicin nan kan zuga ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, su yi gudaji a jijiya. In aka murza, gudajin na iya ɓallewa ya tafi huhu, shi ke nan sai dai addu'a.

A kwanto shi a mota a kawo. Kuma a zo da maza masu ƙarfi, don sai an ƙara masa jini, nawa kuwa ni kaɗai ba zai isa ba. Na san wannan ce mai wuyar.

Ƙanenki, Lukmanu

*

Illela

Lukmanu, sallama a gurguje.

Kai, an yi ta! Yari ya iso da zabirarsa, Halliru na gaba. Na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin na zauna, na ce sai dai a tsallake ni. Tunda anka kawo ni gidan ga ban taɓa ɗaga ido na dubi Halliru ba, ranar na dube shi.

Da na ambaci ba da jini sai mazan da ke zaure sunka hau gunaguni. Wani ya ce ƙarfin namiji ke tafiya, wani ya ce Turawa sayarwa suke. Na leƙo ta bayan asabari na ce, “Baba Yari, tsakaninka da Allah, cikin waɗanga wa ba ka yi ma ƙaho bana ba?” Ya ce babu. Na ce, “Jinin ina shike?” Ya ce ya zuba a rairayi ya rufe. Na ce, “To ashe rairayi ya fi ɗan'uwanku daraja.”

Halliru ya ce na yi rashin kunya. Na yi. Amma tsohon ya naɗe zabira ya ce shi za shi fara, ya ga yadda naku wanzancin yake. Ga su nan a motar albasa, maigidan na kwance kan katifa a tsakiya. Amana ce na ba ka.

Safiyyatu

*

Sakkwato, Sha'aban

Yaya, albishirinki.

Jinin mutum uku ya dace, har da na Halliru. Yana ganin allura ya sulale ƙasa, muka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo ya miƙa hannun da kansa. Kada ki ce ni na faɗa. Baba Yari an ce ya tsufa, ya yi ta faɗa har aka bar shi ya riƙe kwalba.

An sa Malam kan magani. Zawon ya lafa, ƙafar tana saɓewa, jiya ya cinye kwanon tuwo ya nemi ƙari. Likita ya ce ciwon ba ya barin mutum ɗungum, kwantar da shi ake yi, saboda haka magani ba fashi. Wannan aikin naki ne, na san ba za a samu matsala ba.

Lukmanu

*

Illela, ranar Sallah

Ƙanena, barka da sallah.

Yau da ƙafarsa ya tai idi, ba sanda, ba jaki, da ƙafarsa ya dawo. Halliru na biye da shi riƙe da buzu. Na tsaya a soro ina guɗa ina kuka, maƙwabta sunka fito suna tambayar wa ya haihu. Na ce ba kowa, mijina ne ya dawo daga masallaci.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka, Safiyyatu